Gurbin Waƙa Ɗaya

Wa ya fi haƙƙi a kan kunnen mutum, mamaci ko mai rai? Tambayar da ke gaban tsoho Tanimu ke nan.

Tun da aka kafa dokar waƙa ɗari, ba mai saka sabuwa a wayarsa sai ya goge tsohuwa, kuma wadda aka goge har daga ƙwaƙwalwa take fita. Maƙwabcinsa da ya taɓa goge wata, har yau yana kaɗa ƙafa a kan dakali, bai san me yake bi ba.

Duk ɗarin Tanimu muryar marigayiya matarsa Laraba ce, waƙoƙin niƙa da na daɓe. Yau kuwa jikarsa Ummita ta fitar da waƙarta ta farko.

"Angona, ɗaya tak za ka goge," in ji ta. "Ko kunnen ne ya tsufa?"

"Amarya, ko wadda ta yi tari a ciki ba zan taɓa ba."

Ta yi dariyar yaƙe, ta nufi zaure tana rera amshinta ƙasa-ƙasa. Yadda take jan ƙarshen baiti, sak kakarta.

"Dawo," ya ce.

Ya nemo mai tarin, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya goge, ƙafarsa tana kaɗawa.