Azumin da Ja'afar Bai Fara Ba

Yau ma Fiddausi ta hango Ja'afar yana cin ful, dafaffen waken Misirawa. Yana tsaye a wurin mai ful ɗin da ke bakin layinsu a unguwar Ard al-Liwa, burodi a hannu, da hantsi, ranar Laraba. Kwana arba'in ke nan da binne yayanta Muktar, kuma har yau Ja'afar bai fara kaffara ba.

Ja'afar aminin Muktar ne, kuma shi za ta aura. Tare da Muktar suka baro Gusau suka zo Alƙahira karatun shari'a, ita ta biyo su daga baya, tana zaune wurin gwaggonta. Tare kuma suka shiga wasan takobin nan da Misirawa ke ce wa shish, a wani kulob a Ma'adi. Takobin siriri ne kamar tsumagiya, ba kaifi, bakinsa a toshe da ɗan maɓalli. Kowa da farar riga mai kauri da hular raga ta rufe fuska.

Ranar da abin ya faru, Muktar ya kira ta yana cikin jirgin ƙasa na metro. Ya ce, "Ke, in na dawo akwai maganar da zan gaya miki a kan mutumin naki." Ta yi dariya, ta ɗauka tsokanar da ya saba ce.

Bai dawo ba. Bayan an tashi daga atisaye a kulob, shi da Ja'afar suka ce za su ƙara zagaye ɗaya. Takobin Ja'afar ya karye, tsinin da ya rage ya bi ta ƙarƙashin hular ya shige wuyan Muktar. Kafin motar asibiti ta fito daga cunkoso, rai ya yi halinsa.

Hukuma ta bincika ta ce hatsari ne. Kaftin Husam mai koyar da su ya ce shekara ashirin yana wannan aikin bai taɓa ganin jini ba sai na haɓo. Abin da ya fi ba shi tausayi ma, duk kulob ɗin babu mai kula da takubba kamar Ja'afar. Duk mako shi ke zama ya bi su ɗaya ɗaya da yatsa yana neman tsaga.

A zaman makoki musu ya kaure tsakanin ɗalibai. Wasu suka ce mutum biyu da suka yarda suka fuskanci juna, ba wanda za a kira mai kisan kai. Wasu suka ce takobi takobi ne, ko na wasa. Sai Malam Sada, babban yayan ɗaliban Najeriya a unguwar, ya raba gardamar. Ya ce yardar mutum ba ta halatta jininsa, amma wannan ƙarfe ba a yi shi don kisa ba. Ya ce a mazhabarmu wanda ya kashe da gangan babu azumin da ya hau kansa, sai ƙisasi ko yafiyar dangi. Wanda ya yi kuskure shi ke da azumin wata biyu a jere. Fiddausi na jin su ta bayan labule. Ja'afar, wanda ko malami ya yi tuntuɓe a fiƙihu sai ya gyara masa, ranar bai ce uffan ba.

Umma, mahaifiyarsu, ita ce ta fi wuya. Kwana uku Fiddausi na kiranta a waya tana kuka, har sai da ta rantse mata. "Wallahi Umma kuskure ne. Na san shi." Daga ƙarshe Umma ta ce ta yafe, amma da sharaɗi ɗaya. Ya gama kaffararsa cif, sannan a ɗaura aure. In bai yi ba, to ta cire shi a ranta.

Tun ranar Fiddausi take jira. Ta ce ko ba shi da lafiya ne, amma ga shi azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce shi, kamar kullum. Ta ce ko sahur ne ke ba shi wahala, ta dafa ta aika masa a kula, kular ta dawo ko buɗe ta ba a yi ba. Kuma ta san halinsa. Mutum ne da ba ya ƙara komai a ibada, ba ya rage komai. Abin da littafi ya ce, shi ke nan.

Jiya Umma ta tambaya kwana nawa ya rage. Fiddausi ta ce layin ba kyau, ta kashe.

Shi ya sa yau ta saka hijabi ta sauko. Bai gan ta ba sai da ta tsaya a gabansa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Yaya Ja'afar, don Allah ka fara. Gobe ma. Ni zan taya ka, mu yi tare."

"Ma'alish, yi haƙuri, Fiddausi. Koma gida."

"Ba zan koma ba. Na rantse wa Umma saboda kai. Kai da kake azumin da ba dole ba, me ya sa na dolen ya gagare ka?"

Ya ajiye burodin a kan katakon mai ful. Ya daɗe yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago ba.

"Ai kina bayan labule, kin ji abin da Malam ya ce," ya faɗa a hankali. "Azumin nan na wanda ya yi kuskure ne."