Zanen da Ake Ji da Kunne

"Baba, kasa kunne," in ji 'yarsa, ta danna sabon maɓallin da aka ƙara wa manhajar kamfaninsu na sabulu. Tun da ya makance bai sake ganin zanen da ke nuna hawa da saukar cinikinsu ba. Yanzu manhajar tana mai da zanen sauti.

Wata siririyar murya ta fara hawa, shekara bayan shekara, can sai ta faɗo.

"Nan idanuna suka tafi," ya ce.

Sai muryar ta sake tashi, har ta zarce inda ta taɓa kaiwa.

"Ikon Allah! Wannan fa?"

"Bayan ka miƙa min makullin kamfanin ne."

Ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Ashe duk shekarun nan da kuke ce min ciniki na haɓaka, ba lallashina kuke yi ba."