Mai Ƙosai da Bangon Takarda

Ka ce ba za ka fara aikinka ba sai wane ya gama da kayansa ya ara maka. To, gyara zama in ba ka misalin wata mata mai tuyar ƙosai. 'Yarta ta fari ta zo gida goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya. Sai dangin miji suka aiko daga birni cewa za su zo taron suna, amma idan wurin bai isa karɓar baƙi ba, gara a kai musu mai jego da jaririn a yi a can. Maganar ta soki matar nan, don ta san me ake nufi. Shekara da shekaru hayaƙin tuya yana shiga ɗakinta, bangon ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Maƙwabcinta kuwa yana shafe gidansa a lokacin, sai ta je ta roƙi ragowar fenti da buroshi. Ya ce ba komai, bari ya gama. Ta koma washegari, ya ce saura zaure. Ta sake komawa, ya ce ƙaninsa ya riga ta tambaya, amma da ya gama za a miƙo mata. Kwana uku suka tafi a haka, saura huɗu suna. Ta dawo gida ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kallon bango, sai idonta ya faɗa kan tulin takardun da take naɗe wa mutane ƙosai da su: tsofaffin kalandu, da takardar buhun siminti, da kwalayen sukari masu shuɗin baya. Nan take ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta ɗora ruwa a wuta, ta dama garin rogo kamar za ta yi talge.

Liƙin farko bai kama ba. Ta yi shi da ruwa-ruwa, bangon kuma duk baƙin hayaƙi, kafin la'asar takardun sun zube ƙasa ɗaya bayan ɗaya. 'Yar tana kwance a gado ta ce, "Inna, ki bari kawai a tafi da mu." Uwar ba ta ko waiwaya ba, ta ce, "Wadda ta iya ƙullun ƙosai, talgen rogo ba zai gagare ta ba." Ta kankare bangon da tsintsiyar kwakwa, ta goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta bar shi ya sha iska. Ta sake dama talgen da kauri har muciya tana tsayawa a ciki, ta zuba ruwan dafaffen ganyen darbejiya don ɗacin ya kori kyankyaso da gara. Takardar siminti ta fara shimfiɗawa daga ƙasa har sama, tana bi da tafin hannu tana korar iska, sai baƙin bangon ya ɓace. Sannan ta ɗauki almakashi. Fararen bayan kalandu ta tsoma wasu a ruwan zoɓo suka yi ja, wasu a ruwan gangamau suka yi rawaya, ta shanya su a igiya. Ta yanka taurari, ta yanka ganyaye, ta yi jerin zabi a saman ƙofar shiga, a bangon da ke saman gado kuma ta haɗa dagi babba da shuɗin kwalin sukari, yini guda cur tana kansa. Yatsunta suka yi kanta, bayanta ya ƙage, amma ko safiya ɗaya ba ta fasa tuya ba. Ranar suna baƙin birni suka iso da shirinsu na ɗaukar mai jego, har sun bar mota a kunne a ƙofar gida. Uwar mijin ce ta fara shiga. Ta tsaya cak, ta bi bangon da kallo tun daga ƙasa har rufi, ta kai hannu ta shafa dagin, sannan ta leƙa waje ta ce a kashe motar nan a shigo da kaya. A ɗakin aka yi yini, a nan aka ci aka sha. Da za su tafi, uwar mijin ta ja mai ƙosai gefe ta tambaye ta a hankali ko za ta samu zuwa birni ta yi mata irinsa kafin Sallah.

Kai ma tashi ka duba abin da ke cikin ɗakinka. Hausawa sun riga sun faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.