Abin da Anti Ta Ce

Allurar keken ɗinki ta soki yatsan Maman Auta daidai lokacin da 'yarta ta sake cewa, "Anti ta ce..."

Jini ya tsatso. Auta ta zabura da ƙyalle za ta kama hannun.

"Matsa can! Kar ki taɓa ni. Je ki taɓa Antin taki."

Tun da aka fara tara matasa ranar Asabar a ƙaramin asibitin unguwa, shagon ɗinkin nan bai sake hutawa da sunan wata nas da suke kira Anti ba. Anti ta ce kowa da rezarsa. Anti ta ce a daina huda wa yara kunne da allura ɗaya. Yarinyar da a da sai an yi da gaske take buɗe baki, yanzu ko zare take sa wa allura sai ta sako Anti.

Ita ta haife ta. Ita ta riƙe ta da ƙafar keke tun rasuwar uban. Sai ga wata da ba ta taɓa wanke mata ko ɗankwali ba ta zo tana neman raba su. Takan yi istigfari bayan salla, ta roƙi Allah Ya cire mata wannan abu daga ƙirji. Kafin ta naɗe sallaya ya dawo.

Asibitin kuwa ba ta taɓa taka shi ba. Ko da abin zuwa ya kama, gara ta hau mota zuwa wancan gefen gari. Amma Asabar ɗin nan ta rufe shago, ta yafa mayafi, ta je ta tsaya jikin taga.

Nas ɗin ma ba wata babba ba ce, siririya, takalminta duk ya cinye. Ta ja layi da alli a tsakiyar ɗaki. In ta ambaci abu, wanda ya ga ana ɗaukar ƙanjamau ta nan sai ya koma dama, wanda ya ga ba a ɗauka ya koma hagu.

"Allurar da wani ya yi amfani da ita." Duka suka yi dama.

"Saduwa ba tare da kariya ba." Aka yi ta ƙunshe dariya, aka tsaya a dama.

"Cizon sauro." Ɗaki ya rabu biyu.

"Anti, in dai sauro ne, gidanmu ai an gama da mu!" in ji wani dogon saurayi. Aka tuntsire. Nas ta ce ya kwantar da hankalinsa, sauro zazzaɓi yake rabawa, ba wannan ba.

"Cin abinci a kwano ɗaya. Gaisawa. Runguma."

Kafin kowa ya motsa Auta ta tsallaka hagu. Nas ta jawo ta jikinta, yarinyar kuma ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta lumshe ido.

Maman Auta ta kau da kai. Rabon da kan nan ya kwanta a kafaɗarta har ta manta.

Ta jira aka tashi. A bayan ginin, wajen famfo, ta tare 'yarta.

"Sannu, 'yar Anti. An samu sabuwar uwa ko? Faɗa min abin da take ba ki wanda ni na kasa."

Auta ba ta sunkuyar da kai ba. Ta waiga ta tabbata babu kowa kusa, sannan ta matso har uwar ta ja da baya, bayanta ya taɓa bango.

"Ni na kawo kaina, Mama, ba ita ta kira ni ba. Ban gaya mata komai ba, ban gaya wa kowa ba. Tambayoyi kawai nake yi, kuma na gama." Ta buɗe hannuwanta biyu. "Na daɗe da sanin kina da ciwon nan. Don Allah ki daina ture ni, ba zan ɗauka a jikinki ba."