Rabon Tsutsa

Mutanen Kafin Dabo manoman wake ne, kuma abin da suka rasa shi ne maganin feshin da zai yi damina uku yana aiki. Shi ya sa aka kafa doka: kowace gona a bar mata kusurwa guda babu feshi, rabon tsutsa ke nan.

Bana kusurwar ta faɗa kan waken da Yahanasu ta shuka da hannunta. Da ta ga ganyen ya koma rariya, sai ta ɗauko tsohon gwangwanin magani.

Kakanta Malam Barau ya tare ta a bakin gona. "Amarya, buɗe mu gani."

Ta buɗe. Tsutsotsi ne a ciki, sun yi ɓul-ɓul, suna cin garin maganin.

"Kakannin waɗannan, warinsa kawai ke kashe su," in ji shi. "Muna yara malaminmu ya ce halittu suna sauyawa daga iyaye zuwa jikoki, muka yi masa ihu har ya ajiye alli. Da na yi aure na daina musu, amma ban yarda ba. Gonata ce ta ƙarasa mini karatun."

"To tsoho, wakena fa?"

"Raunanan tsutsotsin da ke cinsa za su haɗu da ƙarfafan da feshi bai kashe ba, 'ya'yansu su fito masu jin magani. In kin kashe su, masu taurin kai kaɗai za su hayayyafa."

"Liman ya yarda?"

"Shi ya fara barin tasa kusurwar. Ya ce wannan ma ikon Allah ne."

Yahanasu ta rufe gwangwanin. Ta gane cewa waken da ta rasa bana shi zai ceci na baɗi, kuma mutane ma suna sauyawa, sai dai a hankali.