Ɗaliban Masta Sumaila

Masahudu mahauci ya sake zana saniya mai ƙafa biyar, Sumaila kuwa ya gaji da yi masa bayani. Ya karɓi buroshin ya shafe ta biyar ɗin, ya daidaita tozo, ya sa inuwa a ƙarƙashin ciki. Kafin ya ankara ya zana saniyar gaba ɗaya, ɗalibansa shida sun yi cirko-cirko a bayansa suna kallo.

Kullum haka ake yi. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana feɗe shanu, a ce wai bai san ƙafafunsu nawa ba.

Shi dai bai nemi aikin nan ba. Tun yana saurayi yake rubuta allunan shaguna da bayan motoci a Tamale, har ranar da matarsa Fuseina ta rasu, ya rufe gwangwanayen fenti ya tura su ƙarƙashin gado. Da mace aka yi wa rasuwar, da takaba ta tara mata masu taya ta zama wata da watanni. Namiji kuwa, ana gama addu'ar arba'in sai a dafa kafaɗarsa a ce ya yi haƙuri, kowa ya kama gabansa. Sumaila bai ga laifin kowa ba. Ya sauke labulen ɗakinsa, ya ce hutawa yake yi.

Kadiatu ce ta ɗaga labulen, wata nas da ke aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwarsu ta Tishigu. Ta ce wata baiwar Allah ta kama ɗaki, ta sayi fenti da takardu, domin masu fama da damuwa su riƙa yin zane duk Laraba, abin da ya gagari baki hannu ya fitar da shi. Malami kawai aka rasa. Ya ce ta nemi wani. Ta dawo, ta sake dawowa, har ya amsa don ta shafa masa lafiya.

Ranar farko ya sha mamaki, domin duk fuskokin ya san su. Ga Masahudu, wai barci ya ƙaurace masa. Ga Rahimatu mai nono, wai ta daina magana tun da cuta ta kwashe musu shanu. Ga Zakir tela, ga Awal direban yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku. Bai taɓa sanin damuwa ta cika unguwarsu haka ba, har kunya ta kama shi.

Sai dai ɗalibai ne masu cin rai. Damina ta wuce, rani ya shigo, ba wanda hannunsa ya faɗa. Komai sai, "Masta, fara nuna mana." Su zo da ƙunshin abinci, wannan cukun wagashi, wancan tuwon zafi, su ce hannunsu duk fenti ne, shi ya ci. Ita kuma Kadiatu, maimakon ta duba takardun marasa lafiyarta, a kan tasa take tsayawa ta daɗe. Wata Laraba da jikinsa ya mutu ya ƙi fitowa, sai ga su duka a ƙofar gidansa kamar 'yan ɗaukar amarya, dole ya nemi takalmansa.

Duk da haka yana ganin aikin na ci. Ya taɓa jiyo Rahimatu a kasuwar Aboabo tana ƙyaƙyata dariya da masu sayen nono, ya wuce kamar bai gan ta ba, ransa fes. Shi ma mai rashin barcin har gyangyaɗi yake yi a aji.

Ana cikin haka Kadiatu ta ja shi gefe, ta ce bayan Sallah za a rufe ɗakin, mai taimakon za ta mai da tallafin wani wuri. Tana faɗa tana kallon fuskarsa.

Ya gaji da su, wannan gaskiya ne, gwiwoyinsa ma sun gaji da tsayuwa. Amma ya san abin da ɗaki ke yi wa mutum idan babu mai jiransa a waje. Ya tuna Masahudu, ya ji tsoro ya kama shi. Ya matsa wa Awal lamba ya faɗa masa ko wace ce mai taimakon, Awal na ta kame-kame, har dai ya faɗi sunan: Hajiya Sahada, mai fataucin man kaɗe a Jisonayili.

Rabonsa da ya je roƙon wani abu wurin wani har ya manta. Ya sa batakarinsa, rigar saƙin da yake sawa ranar Juma'a, ya naɗe zane-zanen ajin a hammata, ya tafi bai gaya wa kowa ba.

Ya same ta a tsakar gida cikin robobin mai, dattijuwa mai jan ƙafa, ita ma da alamar gajiya a idonta. Suka gaisa. Bai faɗi sunansa ba, ya ce dai daga Tishigu yake, a kan maganar ajin Laraba. Ya shimfiɗa takardun a gabanta ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, mutum shida ne," ya ce. "Yanzu suka fara dawowa cikin mutane. In aka kulle wurin nan, wallahi ɗaki za su koma."

Ta ɗauki takarda ɗaya ta duba, ta yi ɗan murmushi.

"Baba, kai ma cikin maƙwabtan kake? Allah ya biya ku, kun yi ƙoƙari. Amma Kadiatu ta ce ya samu sauƙi, kuma akwai wata a Zogbeli da ke jira."

"Wa ya samu sauƙi?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara.

"Ai mara lafiya ɗaya na ɗauki nauyinsa, mai fentin nan da ya kulle kansa tun rasuwar matarsa. Sauran shidan lafiyarsu lau, sana'arsu suke rufewa duk Laraba su je su zauna a gabansa su yi kamar ba su iya komai ba, don dai ya yarda ya riƙe buroshi."