Kambun Masunci

Bari in ba ka misalin wani ɗan dako. Shekara goma yana loda buhunan masara a tirela, har cinyoyinsa suka koma kamar turmi. Sai ga mai horar da 'yan ƙwallon raga ya sauka garinsu, yana neman mutum ɗaya tak da zai tafi da shi birni. Gwajin ba wuya: ka shafa gawayi a yatsu, ka daka tsalle, ka taɓa bangon makaranta, wanda tabonsa ya fi sama shi ne mai kujera a mota. Ɗan dako ya ga ranar rabuwa da buhu ta zo. Amma kwana biyu ana gwadawa, wani masunci mai ƙafafu kamar sillen kara yana ɗora tabonsa a kan nasa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya zuba ido, ya ga kafin masuncin ya tashi sai ya rusuna, ya kai hannuwa baya, ya wurgo su sama kamar zai jefa koma, ga kuma kambu ɗaure a damtsensa. Ɗan dako ya ce a ransa, lallai biri ya yi kama da mutum, wannan kaɗa hannu tayar da asiri ne. Shi kuwa dako ya koya masa mai kaya ba ya wasa da hannu, don haka da su manne a jiki yake tashi, sai ya kai sama ya miƙa ɗaya. Masunci ya ce masa, “Malam, saki hannuwan nan, su ke jan jiki.” Ya ƙi kula shi. Yaushe abokin takara ya fara raba shawara kyauta, in ba so yake ya ɓata masa tashi ba?

Ranar ƙarshe ya tsaya gaban jama'a ya rantse ba zai yi tsalle ba sai an cire kambun. Masunci ya kwance ya miƙa masa, ya ce, “Ɗaura, na ba ka aro.” Ya ɗaura, kambun ya ƙi zama a ƙaton damtsensa, sai ya dafe shi da ɗaya hannun ya yi tsalle, ko tabonsa na jiya bai kamo ba. Masunci ya kaɗa hannu ba kambu, ya wuce inda ya saba. Aka sa shi a mota. Da fili ya watse, haushi ya ci ɗan dako, ya ce bari ya kwaikwayi shirmen nan ko sau ɗaya. Ya kai hannuwa baya, ya wurgo su, sai ga yatsunsa taƙi guda sama da tabon masunci. Ya waiga ko wani ya gani, ba kowa sai awaki, mota kuwa ta daɗe da haye gada. Nan ya zauna gindin bango, baƙin ciki ya hana shi tashi.

Ka ga abin da Hausawa ke faɗa ke nan: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.